Yadda ake ziyartar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, daga harabarta zuwa Gadar Kennedy

Malamin lise, wato babbar sakandare, da ke Tahoua wanda yake son kai ƴan ajin ƙarshe su ga babbar jami'ar ƙasa kafin su zauna jarrabawar bak ta kammala sakandare, da uban da ya rako ɗansa rajista, da kuma mazaunin Yamai da bai taɓa ƙetare kogi don wannan dalili ba, dukansu wuni ɗaya ya ishe su idan sun tsara tafiyar. Abin da ya kamata su sani tun farko shi ne tarihin Jami'ar Abdou Moumouni bai tsaya a cikin harabarta ba, domin muhimmin ɓangarensa ya faru ne a kan Gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, lokacin da jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da ke maci. Wanda ya zagaya azuzuwa ya shiga mota ya ƙetare gadar cikin minti biyu, ya bar wurin da ya fi cancanta a tsaya. Saboda haka tsarin da nake ba da shawara a bi shi ne a fara da harabar jami'a da safe, a taka gadar da ƙafa daga can zuwa cikin gari kamar yadda ɗaliban suka yi, sannan a ƙarasa a wuraren da abin ya haifar.

Ku fara da zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiyar ƙafa take yiwuwa ba tare da wahala ba, ko da yake ƙurar hunturu kan rufe kogin har a kasa hango ɗaya gaɓar sosai. Daga Maris zuwa Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, kuma babu inuwa ko kaɗan a kan gadar. Ku zaɓi ranar aiki tsakanin Litinin da Alhamis, saboda ofisoshi na tashi da wuri ranar Juma'a. Ku kuma bincika ko ana yajin aiki ko ana jarrabawa a makon da kuka tsayar, don a lokutan nan ko dai ku tarar da azuzuwa a rufe, ko ku tarar da mutanen da ba su da sararin kula baƙo. Ranar 9 ga Fabrairu ita kanta tana da nata hali: Ƙungiyar ɗaliban Nijar, wato USN, takan yi taron tunawa kowace shekara, da maci da jawabai. Baligin da yake son ganin yadda ɗalibai ke riƙe da wannan tarihi zai amfana da halarta, amma ban ga hikimar kai yaran makaranta cikin wannan cunkoso ba, gara a kai su mako guda kafin ranar ko bayanta.

Masu tasowa daga Tahoua suna da tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu, ta Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Doso, wadda kan cinye mafi yawan wuni a cikin kar, wato babbar motar bas. Ku iso da yamma, ku kwana, ku fara ziyarar washegari da sassafe. Idan ƙungiya ce, musamman ta ƴan makaranta, a rubuta wa ofishin shugaban jami'a takardar neman izini da Faransanci tun makonni kafin ranar, a faɗi yawan mutane da tsangayoyin da ake son gani, a kuma riƙe kwafin amsar a hannu. Kowa ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa ko na makaranta, da ruwan sha, da takalmin da zai iya tafiya da shi.

Jami'ar tana gaɓar dama ta kogin Isa, wato kogin Neja, a ɓangaren Harobanda, cikin gunduma ta biyar ta birnin. Taksi ko faba-faba za su kai ku daga tsakiyar gari, amma ku tuna cewa gadar takan cushe da safe lokacin da ma'aikata da ɗalibai ke ƙetarawa, don haka ku fita kafin ƙarfe bakwai. Kada ku yi tsammanin gini ɗaya mai babbar ƙofa ɗaya, domin tsangayoyin a warwatse suke a fili mai faɗi, kuma tsakanin wata da wata akwai ƴar tafiya. Akwai tsangayar kimiyya da fasaha, da ta adabi da ilimin ɗan Adam, da ta aikin gona, da ta kiwon lafiya wadda ke aiki tare da asibitin Lamorde, da ɓangarorin shari'a da tattalin arziki, da kuma babbar makarantar horar da malamai ta ENS. A wannan gaɓa ne kuma cibiyar AGRHYMET take, wadda ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ta kafa a 1974 bayan babban fari, don nazarin yanayi da ruwa da noma. Ba ta cikin jami'ar, amma maƙwabciyarta ce, kuma yaron da ya fito daga Adar, inda kowace damina ake zaman jiran ruwa, ya kamata a nuna masa ita ko daga waje.

Kafin a shiga aji ko ɗakin karatu, mai jagora ya tara mutanensa a inuwa ya ba su tarihin wurin a taƙaice. An buɗe shi a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, zamanin Shugaba Diori Hamani, ya zama Jami'ar Yamai a 1973, kuma kafin nan ɗan Nijar da ya ci bak sai ya tafi Dakar ko Abijan ko Faransa in yana son ci gaba. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar, sai a 2010 aka kafa na Maraɗi da Tahoua da Zinder, sannan na Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi suka biyo a 2014. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa duk abin da ya taɓa ɗaliban Yamai a wancan zamani yake taɓa ƙasar gaba ɗaya: a ɗakunan kwanan nan ake haɗa ɗan Ngigmi da ɗan Tera da ɗan Ilela, kuma babu wani yanki da ba shi da ɗa a ciki.

Sunan da jami'ar ke ɗauke da shi tun 1992 ya cancanci a daɗe a kansa, saboda yawancin masu furta shi kullum ba su san mutumin ba. An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyyar fizik a Faransa, ya yi aiki a Gini da Mali a farkon shekarun ƴancin kai, ya kuma wallafa littafi a kan ilimi a Afirka a 1964 wanda a cikinsa ya yi jayayya cewa makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bari ba a gina ta don amfanin ƴan ƙasa ba, kuma dole harsunan gida su sami gurbi a cikinta. Da ya dawo gida ya jagoranci hukumar makamashin hasken rana ta ONERSOL tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki masu aiki da rana, tun zamanin da mutane kaɗan ne suka ɗauki wannan fanni da muhimmanci. Ya shugabanci jami'ar daga 1979, bayan masanin lissafi Boubakar Ba wanda shi ne shugabanta na farko, ya kuma rasu a watan Afrilun 1991. Yaran da suka saba ganin faifan sola a kan rufin shaguna sukan yi mamaki idan suka ji cewa wani ɗan Tasawa ya yi wannan tunani fiye da shekara hamsin da suka wuce, kuma tsangayar kimiyya ce wurin da ya fi dacewa a faɗa musu.

Daga tsangayoyi sai ku nufi unguwar ɗalibai, inda ɗakunan kwana da gidan cin abinci da masallaci suke. A nan akwai ladabin da ba a rubuta ba amma ana bin sa. Ɗalibai na da ƙungiyarsu ta jami'a, UENUN, wadda reshe ce ta USN, kuma suna da kwamitinsu mai kula da tsari a harabar, don haka baƙon da ya zo da tawaga ya fara zuwa ofishin ƙungiyar ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi a haɗa shi da ɗalibin da zai zagaya da shi. Za ku ji suna kiran junansu kamarad. Ku kuwa ku tsaya a kan malam da malama, da dakta ko furofesa ga masu koyarwa. Kada ku shiga ɗakunan kwana sai an gayyace ku, musamman na mata, kuma kada ku ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Ku roƙi mai rakiyar ya kai ku dandalin da ake kira AB, inda ɗalibai ke babban taronsu. Haruffan na sunan Amadou Boubacar ne, ɗalibin da ya rasu a tsare a 1983 zamanin mulkin Janar Seyni Kountché, kuma sanin haka zai nuna wa maziyarci cewa takun saƙa tsakanin ɗalibai da masu mulki ya girmi 1990. Ita USN ɗin ma tun 1960 take.

A wannan dandali, kafin a kama hanyar gada, ya kamata a yi bayanin abin da ya fitar da ɗalibai kan titi, domin idan aka bari sai an hau gada ƙarar motoci ba za ta bari a ji ba. Kuɗin uranium da ya ɗauki nauyin gine-ginen ƙarshen shekarun 1970 ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya yi wa ƙasa yawa, fari ya sake aukuwa a 1984, gwamnati kuma ta shiga shirin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da asusun ba da lamuni na duniya, FMI, suka gindaya. Shirin ya iso fannin ilimi da maganar rage tallafin karatu da ake biyan ɗalibai da kuma daina ba duk wanda ya gama karatu aikin gwamnati kai tsaye, alhali mafi yawan ɗaliban ƴaƴan manoma da makiyaya ne waɗanda ba su da wani abin dogaro a Yamai sai wannan tallafi. Ta fuskar siyasa kuwa, Kountché ya rasu a Nuwamban 1987, Ali Saibou ya gaje shi ya sassauta, ya saki fursunonin siyasa, amma ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, aka kuma zaɓe shi shugaban ƙasa ba tare da abokin hamayya ba a Disamban 1989. Ke nan wata biyu kacal jamhuriya ta biyu ta yi lokacin da abin ya faru.

Yanzu sai ku taka zuwa gadar. An gama gina ta a 1970 da tallafin Amurka, shi ya sa aka sa mata sunan Shugaba Kennedy, tsawonta mita 710, kuma har zuwa 2011 da aka buɗe gadar abotar Sin da Nijar, ita ce kaɗai hanyar mota tsakanin gaɓoɓin biyu a Yamai. Ta uku, mai sunan Janar Seyni Kountché, a 2021 aka buɗe ta. Wannan batu na gada ɗaya shi ne mabuɗin fahimtar ranar. An ajiye jami'a a wancan ƙetare, an ajiye fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu a wannan ƙetare, saboda haka duk macin ɗalibai dole ya bi ta wannan siririyar hanya, kuma duk mai son tare shi ya san inda zai tsaya. Idan kuka kai tsakiya, ku tsaya a gefen masu tafiya da ƙafa ku dubi faɗinta: hannu biyu na mota, ƙarfen kariya dama da hagu, ruwa a ƙasa. Taron dubban mutane da ya shiga nan ba shi da wajen watsewa, na gaba ba sa iya komawa saboda na baya suna turowa, kuma wanda ya ga wurin da idonsa ba ya bukatar dogon bayani a kan yadda harbi a irin wannan matsatsi yake zama.

Ranar Juma'a ce, 9 ga Fabrairun 1990. Ɗaliban jami'a da na sakandare sun fito a ƙarƙashin USN cikin macin lumana za su shiga gari su kai kokensu, jami'an tsaro suka tare su a gadar, aka harba harsasai masu rai. Ɗalibai uku ne aka tabbatar da mutuwarsu, kuma sunayensu ne ake karantawa kowace shekara: Alio Nahantchi, da Issaka Kaïné, da Abdou Mamane Saguirou. Wasu da dama sun ji rauni. Wasu rahotannin wancan lokaci sun ambaci adadin da ya fi haka, kuma za ku iya haɗuwa da mai ba da labari da zai faɗi nasa adadin da cikakken tabbaci. Shawarata ga mai jagora ita ce ya faɗi ukun nan da sunayensu, ya ce an sami saɓani a kan ko sun fi haka, ya tsaya a nan. Ƙara yawan mamata don labari ya yi nauyi ba girmamawa ba ce gare su, kuma yaron da ya gano daga baya an yi masa ƙari zai fara shakkar sauran abin da aka gaya masa.

Akwai ƴan ƙa'idoji na tsayuwa a kan gadar. A jera mutane ɗaya bayan ɗaya a gefen ƙafa, babba a gaba babba a baya, saboda babura da amalanke, wani lokaci har da raƙuma masu ɗauke da kaya, suna bi ta nan. Gada wuri ne da jami'an tsaro ke sa wa ido, don haka kada a fito da kyamara ko a ɗaga waya sai an tambayi waɗanda ke gadi a bakinta, kuma idan suka hana a bar shi. Ko an ba da izini, a hana yara hoton dariya da nuna yatsu a wurin. Wanda yake son yin addu'a ga mamatan ya yi ta a taƙaice, a bar doguwar tsayuwa sai an sauka.

Idan kuka sauko ta ɓangaren gari, kusa da otal ɗin Gaweye, za ku iske Dandalin Shahidai, wanda aka sa wa wannan suna don tunawa da su. A nan ne ya dace a ba da rabi na biyu na labarin, wato abin da harbin ya jawo. Mako guda bayansa jama'a suka fito da yawa cikin macin juyayi da ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta mara wa baya, kuma daga nan ƙawancen ɗalibai da ma'aikata ya koma neman a buɗe fagen siyasa, ba maganar tallafin karatu kaɗai ba. Zamanin ma ya taimaka: kwana biyu bayan harbin aka saki Nelson Mandela, a cikin watan ne kuma maƙwabciya Benin ta yi babban taronta na ƙasa. A watan Mayun shekarar aka yi kashe-kashen Cintabaraden a jihar Tahoua, abin da ya ƙara zubar da ƙimar gwamnati, kuma baƙi daga Tahoua za su so a haɗa musu waɗannan abubuwa biyu domin babban taron ƙasa da Nijar ta yi a 1991 ya binciki dukansu. Bayan yajin aiki iri-iri, Ali Saibou ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa a Nuwamban 1990. Ranar 13 ga Mayun 1991 mata suka yi nasu macin suna neman a ba su gurbi a kwamitin shirya taron, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 a ƙarƙashin Furofesa André Salifou, wanda shi ma ya koyar da tarihi a wannan jami'a, kuma USN na cikin ɓangarorin da ke da murya a zauren. Daga nan aka sami gwamnatin riƙon ƙwarya ta Amadou Cheiffou, da sabon kundin tsarin mulki a Disamban 1992, da zaɓen Mahamane Ousmane a 1993.

A daidai nan yara masu kaifin hankali sukan tambayi wanda ya ba da umarnin harbi da kuma hukuncin da aka yi masa. Mai jagora ya shirya wa tambayar tun daga gida. Amsar da za a iya bayarwa da gaskiya ita ce taron ƙasa ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi wanda ya saurari batun, kuma har yau USN na maimaita bukatar a yi wa mamatan adalci a duk taron tunawa, abin da ke nuna cewa a wurin ɗalibai shari'ar ba ta ƙare ba. Kada a ambaci sunan wani hafsa ko minista bisa jita-jita. Ya kuma dace a faɗa cewa dimokuraɗiyya ba ta kawo ƙarshen irin wannan rashi ba, tunda a watan Afrilun 2017 wani ɗalibi ya rasu yayin wata zanga-zanga a harabar jami'ar, aka kuma rufe ta na ɗan lokaci.

Waɗanda suka yi macin 1990 suna raye da yawansu, shekarunsu sun kusa sittin ko sun ɗan haura, wasu malamai ne a jami'ar, wasu ma'aikata ne da suka yi ritaya, kuma ba abin mamaki ba ne a sami ɗaya a cikin malaman lise na Tahoua. Idan kuka sami wanda ya yarda ya yi magana, zama da shi na rabin sa'a ya fi duk abin da mai jagora zai karanto. A nemi yardarsa tun kafin ranar, a bar shi ya fara daga inda ya ga dama, kada a matsa masa ya siffanta jini da gawa, kuma kada a naɗi muryarsa sai ya amince. A kuma tuna cewa shaidar mutum ɗaya abin da ya gani ne daga inda yake tsaye, wanda ke gaban maci da wanda bai riga ya hau gada ba ba za su ba da labari iri ɗaya ba.

Sauran wunin kuwa a wannan gaɓa za ku ƙarasa shi. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana kusa ƙwarai, kuma akwai inuwar da za a ci abincin rana a huta. Ba nisa da shi akwai cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH, wadda reshen jami'ar ce duk da tana cikin gari, kuma tana ajiye da dubban rubutattun littattafan hannu na Larabci da na ajami, ciki har da na Hausa da Fulatanci. Ganinsu sai da izini, don haka a sa ta cikin takardar da aka rubuta tun farko. Idan lokaci ya rage, ku ɗauki mota zuwa zauren wasanni da ake kira Fadar 29 ga Yuli, inda babban taron ƙasa ya zauna, ko da daga waje ne za a nuna wa yara. Masu komawa Tahoua su sayi tikitin kar tun da la'asar, domin motocin da asuba suke tashi, kuma kujeru kan ƙare da wuri a ƙarshen mako.